Filayen taro na Gusau: tarihin Dandalin Ali Akilu, Filin Sardauna da Filin Baje Koli

Kowane babban birni yana da wurin da jama'arsa ke haɗuwa idan lamari ya girma. Abuja tana da Dandalin Eagle da Cibiyar Taro ta Ƙasa da Ƙasa, Kaduna tana da Dandalin Murtala da Filin Wasa na Ahmadu Bello, Kano kuma tana da Filin Sani Abacha na Ƙofar Mata. A Gusau, fadar Jihar Zamfara, wurare uku ne suka ɗauki wannan nauyi a lokuta daban-daban: Dandalin Ali Akilu, Filin Wasa na Tunawa da Sardauna, da Filin Baje Koli.

A waɗannan filaye aka ƙaddamar da shari'a, aka rantsar da gwamnoni, aka sauya sheƙa daga jam'iyya zuwa jam'iyya, aka kuma buga wasannin gasar ƙwallon ƙafa ta ƙasa. Wanda ya bi tarihinsu zai ga abu guda yana ta maimaituwa: fili na jama'a ne, amma mabuɗinsa yana hannun mai mulki na lokacin, shi kuwa mulki a Zamfara ya sha sauya hannu.

Kafin a yi jiha: ƙofar fada, filin idi da kasuwa

An kafa Gusau a farkon ƙarni na 19, a zamanin jihadin Shehu Usmanu Ɗanfodiyo da ya fara a 1804. Malam Sambo ɗan Ashafa ne ya kafa garin, kuma tarihinsa yana haɗe da na 'Yandoto, tsohon garin malamai da ke ƙasar Tsafe a yau. Har yanzu sarautar garin tana amsa sunan Sarkin Katsinan Gusau.

A irin waɗannan garuruwa, wuraren taro guda uku aka sani. Na farko shi ne ƙofar fada, inda ake naɗin sarauta, ake shelar umarni, ake kuma hawan salla. Nan ne fagen makaɗan fada, waɗanda ƙasar Zamfara ta yi fice da su, irin su Musa Ɗanƙwairo da Sa'idu Faru. Na biyu filin idi, wanda ke cika sau biyu a shekara. Na uku kasuwa, wadda ke haɗa birni da ƙauye a ranar cinta. Bayan girbi kuma sai a share fili a bakin gari domin dambe da kokawa. Babu ɗaya daga cikin waɗannan da ke buƙatar gini ko tikiti, amma kowanne yana da mai iko da shi: sarki, liman, sarkin kasuwa ko sarkin fawa.

Zuwan jirgin ƙasa ya sauya girman garin. Layin dogon da ya taso daga Zariya ya ratsa Gusau a ƙarshen shekarun 1920, ya kai Ƙaura Namoda a 1929. Gusau ta zama matattarar auduga da gyaɗa, kamfanonin Turawa suka buɗe kantuna, baƙi daga sassan Najeriya suka zauna a Sabon Gari. Garin da ya tara ma'aikatan jirgi, 'yan kasuwa da leburori ya zama wuri mai daɗin siyasa tun da aka fara ta.

Sardauna a Gusau, da zamanin neman izinin lacca

Sunan Sardauna da ke kan filin wasan Gusau yana da tushe a garin. A 1938, bayan Sarkin Musulmi Abubakar na III ya hau gadon sarauta, an naɗa Ahmadu Bello Sardaunan Sakkwato, aka turo shi Gusau domin ya kula da gundumomin gabashin ƙasar Sakkwato. Yana kan wannan aiki ne aka tuhume shi a 1943 kan kuɗin jangali, ya ɗaukaka ƙara, aka wanke shi. Daga baya ya zama Firimiyan Jihar Arewa, muƙamin da ya riƙe har aka kashe shi a juyin mulkin 15 ga Janairu, 1966. Mutum ne mai son wasanni, musamman wasan ƙwallon bango da ya koya a Kwalejin Katsina.

A shekarun 1950 da farkon 1960, lokacin da NPC ta Sardauna da NEPU ta Malam Aminu Kano ke fafatawa, taron siyasa lacca ake kiran sa, kuma ba a yin sa sai da izinin En'e. Tunda sarakuna ne ke jan ragamar En'e, kuma mafi yawansu suna tare da NPC, 'yan adawa sun sha kukan cewa ana hana su fili, ko a ba su wuri a bayan gari, ko a gurfanar da su gaban alƙali bisa laifin yin taro ba izini. Ke nan rigimar wa zai yi taro, a ina, kuma da iznin wa, ta girmi Jihar Zamfara da shekaru kusan arba'in.

1996: fadar jiha da ba ta shirya ba

Gusau ta daɗe tana ƙarƙashin Sakkwato: a Jihar Arewa maso Yamma daga 1967, sannan a Jihar Sakkwato daga 1976. Manyan gine-ginen gwamnati a birnin Sakkwato aka yi su, ciki har da Filin Wasa na Giginya da Dandalin Shehu Kangiwa. Ranar 1 ga Oktoba, 1996, gwamnatin Janar Sani Abacha ta ƙirƙiro Jihar Zamfara, mai ƙananan hukumomi 14 a yau, ta sanya Gusau fadarta, ta naɗa Kanar Jibril Bala Yakubu kantoman soja na farko.

Sabuwar jiha tana buƙatar komai a lokaci guda: gidan gwamnati, majalisa, kotuna, ofisoshi da gidajen ma'aikata. Sakatariyar jiha da ke ɗauke da sunan J.B. Yakubu ta zama wurin tarukan bita da na ma'aikata, gidan gwamnati kuma yana karɓar manyan baƙi. Amma duk taron da ya fi ƙarfin zaure, fili ake fita. Shi ya sa manyan ranakun tarihin jihar a ƙarƙashin rana da rumfuna aka yi su.

Dandalin Ali Akilu: 27 ga Oktoba, 1999

Dandalin yana ɗauke da sunan Alhaji Ali Akilu, ɗaya daga cikin manyan ma'aikatan gwamnatin Jihar Arewa, wanda wani babban titi a Kaduna ma ke amsa sunansa. A wannan dandali ne, ranar 27 ga Oktoba, 1999, gwamnan farar hula na farko, Ahmad Sani Yariman Bakura, ya ƙaddamar da shari'ar Musulunci a jihar, wata biyar kacal bayan komawar ƙasar mulkin dimokuraɗiyya. Jama'a sun yi tururuwa daga sassan Arewa, garin ya cika ya batse, baƙi da dama suka kwana a masallatai da makarantu da gidajen 'yan uwa.

Dokar hukunta laifuka ta fara aiki ranar 27 ga Janairu, 2000. Cikin shekaru biyu wasu jihohi 11 suka bi sahu, adadin ya zama 12. Muhawarar da ta biyo baya, kan tsarin mulki da matsayin waɗanda ba Musulmi ba da ikon jihohi, ta mamaye siyasar Najeriya tsawon shekaru, ta kuma kai sunan Gusau kafafen labarai na Ingila da Amurka da ƙasashen Larabawa.

Abin lura ga mai nazarin siyasa shi ne rawar da taron kansa ya taka. Majalisar dokoki ce ta yi doka, gwamna ya sa hannu, amma hoton cincirindon jama'a shi ne ya nuna wa sauran gwamnonin Arewa inda ra'ayin masu zaɓensu ya karkata. Tun daga ranar, 'yan siyasar Zamfara suka ɗauki cika fili a matsayin hujja, kowa yana auna ƙarfinsa da na abokin hamayya da yawan kawunan da ya tara.

Filin Sardauna da ƙungiyar Zamfara United

Filin Wasa na Tunawa da Sardauna shi ne gidan ƙungiyar ƙwallon ƙafa ta jihar, Zamfara United. A shekarun 2000 ƙungiyar ta buga babbar gasar ƙasa, abin da ya kawo manyan ƙungiyoyi irin su Kano Pillars da Enyimba ta Aba zuwa Gusau. Ranar wasa rana ce ta ciniki ga masu abinci, 'yan acaɓa, masu sayar da ruwa da masu masauki.

Wasan da aka fi tunawa da ƙungiyar shi ne na ranar ƙarshe ta kakar 2008/2009, lokacin da ta lallasa Kaduna United da ci 9 da nema, ta tsira daga faɗuwa zuwa ƙaramar gasa, sakamakon da ya jawo ce-ce-ku-ce a faɗin ƙasar. Bayan 'yan shekaru ƙungiyar ta faɗi daga babbar gasar.

Labarin Zamfara United irin na yawancin ƙungiyoyin Najeriya ne: gwamnatin jiha ce ke da ƙungiya, ita ke da fili, ita ke biyan albashi. Idan gwamna mai son ƙwallo ne, sai a ga ciyawa ta yi kore, 'yan wasa sun samu haƙƙinsu. Idan hankalinsa yana wani wuri, sai fili ya koma wurin fareti da taron siyasa. Kuma filin ƙwallo ba ya son taron siyasa, domin kafa rumfuna da shigar motoci da tattakin dubban mutane kan kashe ciyawar da aka yi watanni ana raino.

Kano ta nuna abin da fili ke iya jawowa gari idan ya kai matsayin da hukumomin ƙwallo ke nema. Filin Sani Abacha ya karɓi wasannin gasar matasa ta duniya a 1999, da gasar cin kofin Afirka a 2000, da gasar duniya ta 'yan ƙasa da shekara 17 a 2009.

Filin Baje Koli: inda mulki ke sauya hannu

Sunan wurin ya nuna abin da aka yi shi dominsa: baje kolin kayan masana'antu da na noma da na sana'a, irin wanda Kaduna ta shahara da shi tun 1979. Gusau tana da tarihin da ya dace da haka, domin gari ne na masaƙa da injin gurzar auduga da matsar man gyaɗa. Sai dai durƙushewar masana'antun Arewa, musamman masaƙu, ta rage abin da za a baje. A 'yan shekarun nan an fi jin sunan filin a labaran siyasa.

Ranar 24 ga Mayu, 2019, Kotun Ƙoli ta soke dukkan ƙuri'un da APC ta samu a Zamfara, bisa dalilin cewa jam'iyyar ba ta yi sahihin zaɓen fidda gwani ba. Mukhtar Shehu Idris, wanda aka riga aka bayyana a matsayin zaɓaɓɓen gwamna, ya rasa kujerar kafin ya hau ta. Kwana biyar bayan haka, ranar 29 ga Mayu, aka rantsar da Bello Matawalle na PDP a Filin Baje Koli, ya gaji Abdul'aziz Yari.

Ranar 29 ga Yuni, 2021, a wannan fili dai, Matawalle ya bayyana komawarsa APC a gaban gwamnonin jam'iyyar, ya karɓi tuta daga hannun shugaban riƙo na lokacin, Gwamna Mai Mala Buni na Yobe. Mataimakinsa, Mahdi Aliyu Gusau, ya ƙi binsa, ya zauna a PDP. Da ya shirya nasa gangamin a watan Yuli na shekarar, majalisar dokokin jihar ta nemi ya bayyana gabanta, tana zargin sa da yin taro a lokacin da ake jimamin kashe-kashe. A Fabrairun 2022 majalisar ta tsige shi.

A zaɓen Maris na 2023, Dauda Lawal na PDP ya samu ƙuri'u 377,726, Matawalle ya samu 311,976. Ranar 29 ga Mayu, 2023, aka rantsar da sabon gwamna a filin da wanda ya kayar ya yi bikin sauya sheƙa shekara biyu kafin nan. Cikin shekaru huɗu, fili ɗaya ya ga tutar PDP, ya ga ta APC, ya sake ganin ta PDP. Hausawa sun ce duniya rawar 'yan mata ce, na gaba ya koma baya.

Oktoban 2022: ranar da aka hana taro

Mafi girman gwajin 'yancin taro a jihar ya zo ne a tsakiyar Oktoban 2022, ana cikin yaƙin neman zaɓe. Gwamnatin jihar ta dakatar da tarukan siyasa, ta kafa hujja da taɓarɓarewar tsaro. PDP ta yi nata taron a Gusau, aka samu arangama. Nan take gwamnati ta ba da umarnin rufe wasu kafafen yaɗa labarai da suka ɗauki taron, ciki har da NTA, Pride FM da Gamji TV. Hukumar kula da kafafen yaɗa labarai ta ƙasa, NBC, ta ce gwamnatin jiha ba ta da hurumin yin haka, ƙungiyoyin 'yan jarida suka yi tir, cikin 'yan kwanaki gwamnati ta janye umarnin ta kuma nemi afuwa.

Matsalar tsaron da aka kafa hujja da ita gaskiya ce. Mutanen da ke cika filayen Gusau daga waje suke zuwa: ta hanyar Funtuwa da ta ratso Tsafe da Kwatarkwashi, ta hanyar Sakkwato da ta biyo Talata Mafara da Bunguɗu, da ta hanyar Ƙaura Namoda. Dukkansu sun sha fama da hare-haren 'yan bindiga. A Satumban 2021 an katse layukan wayar salula a jihar, an kuma rufe kasuwannin mako-mako, wato tsofaffin wuraren taron karkara. Tambayar da ta rage ita ce wa zai tantance lokacin da tsaro ya isa dalilin hana taro, da kuma ko hanin zai hau kan kowace jam'iyya daidai wa daida.

Abin da doka ta tanada

Sashe na 40 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan ƙasa 'yancin yin taro da shiga ƙungiya. Sashe na 45 ya yarda a taƙaita wannan 'yanci ta hanyar doka, saboda tsaron ƙasa ko lafiyar jama'a ko zaman lafiya, muddin taƙaitawar ta dace da tsarin dimokuraɗiyya.

Hukuncin da ya fi tasiri kan wannan batu daga Arewa ya samo asali. A Satumban 2003 'yan sanda sun tarwatsa gangamin jam'iyyar ANPP a Kano da barkonon tsohuwa, suna cewa ba a nemi izininsu ba. ANPP da wasu jam'iyyu suka kai ƙara, Babbar Kotun Tarayya ta ba su gaskiya a 2005, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta tabbatar a 2007 cewa tilasta neman izinin 'yan sanda kafin taro ya saɓa wa tsarin mulki. Dokar Zaɓe ta 2022, wadda aka yi zaɓen 2023 a ƙarƙashinta, ta ƙara da cewa kada a hana wata jam'iyya ko ɗan takararta yin gangami, kuma kada a yi amfani da kayan gwamnati wajen fifita wata jam'iyya ko tauye wata.

Sai dai doka ta bar wata ƙofa a buɗe. Filin wasa ko na baje koli yana ƙarƙashin wata ma'aikata ko hukuma ta jiha, kuma mai son hana abokin hamayya ba ya buƙatar ya ce ya hana. Ya isa a ce ana gyara, ko an riga an bai wa wani ranar, ko a tsawwala kuɗin haya. An ga irin wannan a jihohi da dama, a hannun jam'iyyu daban-daban.

Darasi daga maƙwabta

Jamhuriyar Nijar, wadda yankin Maraɗi nata ya yi iyaka da Zamfara, ta bi wata hanya da ta cancanci a duba. Tun 1975, lokacin da aka yi gasar kokawa ta ƙasa karo na farko a Tawa, Kantu na Maraɗi ya ɗauki takobi, gasar take zagayawa tsakanin yankunan ƙasar. Kowane babban birnin yanki yana da filin kokawarsa, na Maraɗi kuma sunan Kantu yake ɗauke da shi. Da yake kowane gari ya san zagayen zai iso kansa, akwai dalilin gyara fili da kula da shi. Darasin shi ne abin da ke raya fili jadawalin amfani ne, girman gini bai isa ba.

Abuja ta nuna ɗaya ɓangaren. An gina Cibiyar Taro ta Ƙasa da Ƙasa a 1991 domin taron shugabannin Ƙungiyar Haɗin Kan Afirka, amma rashin kulawa ya sa sai da aka kashe biliyoyin naira wajen sabunta ta a 2025. Kano kuma ta nuna haɗarin da ke fuskantar fili a tsakiyar gari: an yanka gefen filin idin Ƙofar Mata an gina shaguna a zamanin wata gwamnati, wadda ta gaje ta ta rushe su a 2023, maganar ta ƙare a kotu. Tunda Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978 ta damƙa filayen jiha amana a hannun gwamna, fili mara kariyar doka yana iya zama rukunin shaguna da sa hannu ɗaya.

Tambayoyin da suka kamata a yi

Ga matashin Gusau ko Tsafe ko Bunguɗu da ke bibiyar harkokin mulki, akwai tambayoyi huɗu da suka shafi kowane ɗaya daga cikin filayen nan. Wace hukuma ce ke kula da shi, kuma nawa aka ware masa a kasafin kuɗin shekara? Nawa ne kuɗin haya, kuma asusun wa yake shiga? Akwai rubutacciyar ƙa'ida ta bayar da rana, wadda ke aiki kan jam'iyya mai mulki da ta adawa, da ƙungiyar ɗalibai da ta 'yan kasuwa? Sannan ina takardar da ta nuna iyakokin filin, domin a gane idan an fara gutsurarsa?

Dokar 'Yancin Samun Bayanai ta 2011 ta ba ɗan ƙasa damar neman irin waɗannan amsoshi a rubuce, kuma a 2025 Kotun Ƙoli ta tabbatar cewa dokar ta hau kan gwamnatocin jihohi. Majalisar dokokin jiha tana da ikon yin dokar da za ta fayyace yadda ake bayar da filayen gwamnati, ta wajabta bayyana kuɗin haya da jadawali a bainar jama'a.

Daga 1999 zuwa 2023 Zamfara ta yi gwamnonin farar hula biyar: Yarima, Mahmud Aliyu Shinkafi, Yari, Matawalle da Dauda Lawal. Biyu daga cikinsu, Shinkafi a 2011 da Matawalle a 2023, sun sha kaye suna kan kujera. A jihar da haka ke faruwa, ƙa'idar da ta buɗe wa ɗan adawa fili yau ita ce za ta buɗe wa mai mulki gobe, ranar da mabuɗin ya koma hannun wani.